Shekarar da Uwarki Ta Yi Shiru

Zuwa ga ɗiyata Hannatu, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Fasto Ishaku, da jikokina, Bulus da amaryata Rifkatu. Ki ce mata tsohon mijinta ya ji labarin zazzaɓin, kuma bai yarda ta rame ba, don ba shi da ƙarfin neman wata. Allah ya ba ta sauƙi, ya tsare ku a ɗakin baƙuncin da kuke ciki. Mu nan Tibiri lafiya lau muke, ban da gwiwata, ita kuwa ta daɗe da daina jin maganata. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka.

Akwai wata magana da na taɓa ji a kan uwarki Saratu har sau biyu, na farko tun ba a haife ki ba, ban kuwa yarda da ita ba. Wai ta taɓa yin shekara guda cur ba ta yi addu'a ba. Saratu fa! Matar da tuwo ke hucewa tana godiya a kansa, ku kuna zungurin juna kuna leƙen miya da ido ɗaya. Matar da in haihuwa ta zo da gardama a unguwa, har maƙwabtan da ba addininmu ɗaya ba sukan aiko ta zo ta zauna a bakin ƙofa. Da na ji, dariya na yi. Yau shekararta huɗu a kabari, ni kuma sai makon jiya na san maganar gaskiya ce. Shi ya sa na ɗauki alƙalami ban kira ki a waya ba. Waya tana hanzarta mutum, ni kuwa kin san ni, sai na zagaya gari kafin in shiga gida.

Ranar Talata da kika kira, na ji muryarki tun kafin in ji maganarki. Kika ce mako bakwai ke nan kuna jiran bizar shiga Cadi, inda ikkilisiya ta aike ku aikin bishara. Kun saki gidanku na Dogon Dutsi, kun rabar da tukwane da katifu, an auna jakunkunanku sau uku ana cewa sun yi wa jirgi nauyi, har turminki kin bar wa maƙwabciya. Ishaku kullum ya tafi biro, ofishin masu ba da biza, da safe, ya dawo hannu wofi yana waƙar yabo, ya ce lokacin Allah bai yi ba. Zazzaɓin Rifkatu ya sauka ya hau. Sa'an nan kika rage murya, na gane kin fita bayan ɗaki ne, kika ce, "Baba, na kasa addu'a. In na durƙusa ba abin da ke fitowa. Don Allah kada ka gaya wa Ishaku. Matar mai bishara ce ni, me za a ce?"

Me na ce miki? Na ce ki daure, na ba ki aya biyu, na ce a gaida yara. Uba kika kira, fasto ya amsa. Ki yafe mini. Ga amsar da ya kamata in ba ki, sai dai doguwa ce, kuma ba ta yi mini kyau ba.

Lokacin da ikkilisiya ta zaɓe ni in tafi makarantar masu bishara a Najeriya, muna ƙauyenmu na gado, uwarki tana goyon wanki Dauda, wanda ba ki sani ba sai a suna. Watansa takwas. Takardar makaranta ta ce in zo bayan kaka. Ni na ce me zan jira? Wanda ya kira ni bai ce sai hatsi ya nuna ba. Ina da rumbu guda cike, da hatsin bara da na bara waccan. Ranar Lahadi bayan sujada na tara jama'a, na hau na buɗe rumbun, ina miƙo dami ana karɓa. Kin san a wurinmu, duk inda yunwa ta kai, akwai damin da ba a taɓawa, na iri, wanda aka zaɓi zangarniyarsa ɗaya bayan ɗaya tun a gona. Shi ma na miƙo shi. Tsofaffi suka yi tsit. Na ga sun yi tsit na ji daɗi, don abin da nake nema ke nan: a ga ba ni da niyyar waiwaye.

Uwarki ba ta da ikon hawa rumbun miji, haka al'ada take. Ta matso gindinsa ta ce a hankali, "Malam, a bar muna ko zangarniya ukku."

Na amsa mata da ƙarfi, yadda na bayan danga ma zai ji: "Wanda ya aike mu bai san iri ba ne?"

Mutane suka ce amin. Da aka watse na hange ta a tsugune tana tsintar ƙwayoyin da suka zube, tana hure musu ƙasa, tana ƙullewa a bakin zane. Na yi kamar ban gani ba.

Hannatu, ranar nan ba ga Allah na dogara ba, ga idon mutane na dogara. Abin da na kira bangaskiya, rabinsa gaggawa ne, rabinsa son a yaba. Wadda ta tsuguna tana tsinta ba ta kasa ni sanin Allah ba. Saboda haka in kin ga hankalinki ya tafi kan maganin yara, da takardun allurarsu, da abin da za su ci a hanya, kada ki ce zuciyarki ta bar Ubangiji. Dole wani ya duba waɗannan, kuma mai dubawar ba ƙaramin aiki yake yi ba.

Muka hau kamiyon 'yan kasuwa da tsakiyar damina. Tafiyar wuni ɗaya ta ci mana kwana huɗu, don motar ta kafe a laka cikin fadama tun ba mu kai iyaka ba. Ruwan da muka ɗauko ya ƙare, muka koma shan na tabki. Kwana na biyu Dauda ya fara zawo. Kwana na uku uwarki ta kamo hannuna ta ɗora a kansa, na ji maɗigarsa ta faɗa.

Direban wani Bazabarme ne, mai yawan zagi amma mutumin kirki. Ya zo ya ɗaga idon yaron ya duba, ya ce, "Malam, ga amalanke can zai koma Tibiri. Sa matarka da ɗanka a kai, akwai likita. Makaranta ba gudu za ta yi ba."

Na ce masa wanda ya sa ƙafa a hanyar Ubangiji ba ya komawa baya.

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Ni dai mota nake tuƙi, kuma ko ita tana ja da baya."

Na tara fasinjoji na yi addu'a mai tsawo, murya sama, har tsuntsayen fadama suka tashi. Amalanken ya wuce muna gani. Uwarki ba ta ce a koma ba. Ta riga ta ji amsar da ake ba mai roƙon zangarniya uku.

Muka isa. Bayan kwana biyu Dauda ya cika, da hantsi, a cinyarta, cikin ɗakin da ko kayanmu ba mu gama kwancewa ba.

Ban sani ba ko da mun koma zai rayu. Shekara arba'in ina juya wannan a kaina ban sami amsa ba, kuma na daina sa ran samu a duniyar nan. Abin da na sani, an nuna mini hanya na ƙi, sa'an nan na liƙa wa ƙin sunan Allah. To ki ji ni da kyau. Ko gobe biza ta fito, in jikin Rifkatu da zafi, ba ku hawa jirgi. Ki kai ta asibiti wurin lokotoro, a auna jininta, ki tsaya har ki ga tana cin abinci tana faɗa da Bulus. Mutanen Cadi sun daɗe a inda suke, ba za su tashi cikin mako biyu ba. In Ishaku ya ce tikiti zai lalace, ki ce surukinsa ya ce ya lalace.

Ni na yi wa'azi a bakin kabarin ɗana. Ba wanda ya sa ni. Shugaban makaranta ma ya kama hannuna ya ce in zauna, na ƙi. Idona ƙamas. Aka yi ta cewa ba a taɓa ganin ƙarfin zuciya irin na Ba'aren nan ba, yadda ake kiran mu mutanen Arewar Dogon Dutsi, ni kuwa na karɓi yabon na sa aljihu. Da muka koma ɗaki uwarki ta fashe da kuka, na buɗe littafi na karanta mata. Washegari ma haka. Ta yi kuka, in ba ta aya. Bayan mako biyu ta daina kuka a gabana, na ce alhamdu lillahi, ta warke.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Addu'ata a watannin nan surutu ce kawai. Tsoro nake ji in na yi shiru zan ji muryar direban nan. Sai na yi ta zuba magana, da safe da rana da maraice, har ta zama danga tsakanina da matata. Ina jin har tsakanina da Wanda nake cewa da shi nake magana.

Kowace safiya matan ɗalibai sukan taru a ɗakin sujada kafin su tafi rijiya, su durƙusa, kowace ta yi addu'a bi da bi. Uwarki ba ta fashi. Wata rana tsohuwar da ke dafa wa makaranta abinci, Iya Laraba, ta tare ni a hanya da muciya a hannu, ta ce, "Ɗan nan, matarka tana zuwa tana durƙusawa, amma leɓenta ba ya motsi. In layi ya zo kanta sai ta yi shiru har ta kusa da ita ta ɗauka. Ka tambaye ta lafiya."

Na ce, "Iya, da kin rufe idonki yadda ake yi, da ba ki ga leɓen kowa ba." Na yi dariya na wuce aji. Jina na farko ke nan.

Na biyu, a zaman makokin uwarki ne. Aminiyarta Talatu, kin san ta, tana kuka tana cewa, "Ita da ta yi shekara ba ta iya buɗe baki gaban Allah ba, dubi inda ta kai." Na ce a raina baƙin ciki ne ke sa Talatu sambatu.

Daga inda Iya Laraba ta tare ni zuwa ɗakinmu bai fi taki ashirin ba. Ban tambayi uwarki ba ranar nan. Na ƙara shekara talatin da shida da ita, muka dawo gida, muka haife ku, muka zaga ƙauyukan ƙasarmu ta Arewa tun daga wajen Kiyeshe har iyaka, ita a bayan kekena da kwano a cinya. Ban tambaye ta ba. Na tambayi mutane da yawa halin zuciyarsu, aikina ne, amma ban taɓa juyowa bayan keke ba.

Makon jiya na je Dogon Dutsi ranar kasuwa neman maganin gwiwa. Wani mai shago a bakin kwalta ya kira ni, ya shigar da ni, ya jawo mini kujera da hannunsa. Ya ce ya ji ɗiyata za ta bar ƙasa da 'ya'ya ƙanana, kuma akwai abin da ya daɗe yana riƙe da shi. A shekarar nan ta mutuwar Dauda shi saurayi ne mai fataucin kanwa, yana ƙetare iyaka. Ya ce ya biya ta makarantarmu ina aji. Ya tarar da uwarki a bayan ɗaki tana sussukar wasu 'yan zangarniyoyi, tara ko goma, waɗanda ta samu daga ƙwayoyin nan da ta tsinta ta shuka a gindin bango. Ta rame har bai gane ta ba sai da ta yi magana.

Ya ce mata, "Tashi in maida ki gida. Ubangijin da kika biyo ya bar ki."

Ta ce, "Ban sani ba ko ya bar ni. Ni dai wata bakwai ke nan ban ce mishi komi ba. Ba ni da abin cewa. Amma kullum ina zuwa in zamna. Ya san inda nike zama."

Ya ce, "Mijinki ya sani?"

Ta ce, "Shi ba a gaya mishi irin wagga magana."

Hannatu, na binne ɗa ban yi kuka ba. Na binne mata na daure, don kuna kallona. Sai ga ni da rana tsaka, tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen sabulu, babura na wucewa, ina kuka kamar wanda aka yaye. Mai shagon ya juya baya yana gyara kayan da ba su bukatar gyara, har na gama.

Shi ba a gaya masa. Gaskiya ta faɗa. Ni na mai da kaina haka, da bakina, tun a gindin rumbu. Kuma ranar Talata da kika ce kada in gaya wa Ishaku, maganar uwarki ce ta fito daga bakinki, ke ba ki sani ba, ni ma a lokacin ban sani ba.

Ban gaya masa ba, ba kuwa zan gaya masa ba. Ke za ki gaya masa, kuma tun kuna Yamai. Kada ki hau jirgi da abin nan a ciki. A can ba ki da Talatu, ba ki da kowa, harshensu ma sai kin koya. In kika shiga ƙasar da ɓoyo, za ki saba da shi, shi ma ya saba da ganinki lafiya, wata rana ku duba ku ga shekaru sun wuce. Ishaku mutumin kirki ne, ya fi ni kunne nesa ba kusa ba. Amma waƙar nan da yake dawowa da ita daga biro, na san ta. Na rera irinta. Mai yiwuwa shi ma tsoro ne ya cika masa ciki, yana ganin in ya yi shiru ke za ki karaya. Ku biyu kuna ɗaki ɗaya kowa yana tsare ɗan'uwansa daga gaskiya.

Ki tura yara waje, da rana, bayan ya ci abinci. Ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, kada ki yi wa maganar ado. In ya miƙa hannu zai buɗe littafi, ki ɗora naki a kai, ki ce, "Ba aya nake nema ba, zauna." In ya ji haushi, zai huce. Ni hukuncin da uwarki ta yanke mini na cancance shi. Shi kada ki yanke masa tun ba ki gwada shi ba.

Batun addu'a kuwa, na yi shekaru ina koya wa mutane ita, yau abin da ya rage mini kaɗan ne. Ba zan ce miki biza za ta fito ranar kaza ba. Ba zan ce ba abin da zai same ku ba. Na daina yin alkawari a madadin Allah, na ga inda ya kai ni. Abin da zan ce, ki je ki zauna. Ki sami lokacinki, ko bayan kin ɗora ruwan koko, ki shimfiɗa zane ki zauna a gabansa. In magana ta zo, to. In hawaye ne, to. In fushi ne, kada ki haɗiye shi don kunya, ya riga ya gani. In ba abin da ya zo sai tunanin jakunkuna, ki zauna da tunanin jakunkunan har ruwan ya tafasa, ki tashi, gobe ki dawo. Ban san yadda shekarar uwarki ta ƙare ba, ban san ranar da bakinta ya buɗe ba, ta tafi da wannan. Na san dai doguwar addu'ar nan da kika taso kina ji a bakinta, bayan shirun ta zo.

Kin kuma tuna yadda muke yi in mutum ya kwanta ciwo da damina. Ba a barin gonarsa ciyawa ta cinye. Sai a yi masa gayya, shi yana kwance a gida yana jiyo muryar masu noma daga nesa, ba a kuwa ce masa malalaci. Ban buɗe sirrinki ba. Na ce wa Talatu da dattawa biyu gonar Hannatu tana son hannu, suka gane iyakar abin da ya kamata su gane. Kowace safiya muna haɗuwa a majami'a muna kiran sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Talatu tana da tsawon addu'a, gwiwata tana shan wuya, amma muna yi. Ke naki zama kawai.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku. Ya sauke wa Rifkatu zafin jiki, ya ba Bulus abokan wasa a inda za ku. Ya ba Ishaku kunne, ya ba ki baki. Ya haɗa ku da direbobi masu faɗin gaskiya, ya kuma ba ku zuciyar jin su. In ya nufa in sake ganinku da idon nan, na gode. In bai nufa ba, na yafe miki duk abin da kike tsammanin kin yi mini, ke ma ki yafe mini. 'Yan'uwanki suna gaishe ku, Talatu ta ce a shafa mata kan yara.

Na san tun ɗazu kina son sanin mai shagon nan. Na ajiye sunansa ne don kada ki ji shi da wuri ki rufe kunne. Mutum ne da bai yarda da hanyarmu ba, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Tun da ya shiga cikin masu wa'azin Sunna bai ƙara cin abincin gidanmu ba, bai zo bikinki ba, na san kina riƙe da wannan. Ba shi da dalilin lallashina, shi ya sa na yarda da shi. Da zan tafi ya rako ni har bakin kwalta, ya tsayar mini da kabu-kabu, ya riƙe mini sanda har na hau. Sa'an nan ya ce, "Tsoho, ka sace mini yaya ka kai ta wata ƙasa, yanzu ga ɗiyarta za ta bi sawu. Ka gaya mata kada ta yi shirun uwarta. Ni na ɗauki maganar nan shekara arba'in, ta yi mini nauyi."

Kawunki ne, Alhaji Nomau, ƙanen uwarki.

Ni ne mahaifinki,
Arzika